Wai sai yaushe za mu daina ce wa ma'aikaci ya yi haƙuri?

Yayata nas ce, shekararta goma sha ɗaya tana aiki a wani asibiti a nan cikin garin Katsina. Wata Laraba da safe na biya gidanta can wajen Ƙofar Ƙaura zan karɓi saƙon Hajiyarmu, na tarar ta dawo daga diyutin dare tana zaune kan tabarma a tsakar gida, ko farin takalmin aikin ba ta cire ba, ga kofin koko a hannunta ya huce har ya yi fata a sama, ita kuma barci ya ɗauke ta a zaunen, kanta jingine da bango, autarta na ta jan hijabinta tana cewa Mama kuɗin tara, Mama kuɗin tara, amma ko motsi. Na ɗan bubbuga ƙofar langa-langa ta farka, na ce Yaya ki shiga ciki ki kwanta mana. Ta ce mani ina fa kwanciya, ƙarfe biyu zan koma, wadda ya kamata ta yi na rana ɗanta ba lafiya kuma ba wanda zai tsaya mata. Na ce to ki faɗa wa oganku mana. Ta dube ni ta ce in ce mashi mi? Shi ma ya sani ai.

Ba a yi wata uku ba aka ce tana da hawan jini, mace ko arba'in ba ta kai ba. Kuma duk wanda ya zo dubiya, har da ni, magana ɗaya muka yi mata: sannu, sai haƙuri, aikin lada ne, Allah ya ba da lafiya. Daga baya ne abin ya riƙa damuna, don wallahi haƙurin nan shi take yi tun shekara goma sha ɗaya, kuma bai hana jinin hawa ba.

Ni dai a ganina mun daɗe muna ɗora laifin gajiyar aiki a kan mai aikin, alhali ciwon a jikin tsarin aikin yake. In ma'aikaci ya ce ya gaji sai a ce raggo ne, ko ba shi da tawakkali, ko kuma a tuna mashi cewa akwai masu digiri dubu a gari da ke neman kujerar da yake zaune a kai. Wannan maganar ta ƙarshe ita ta fi kashe baki, don gaskiya ce, kuma don gaskiya ce ake amfani da ita a danne mutane. To amma masana sun shafe sama da shekara hamsin suna bin diddigin lamarin nan, kuma abin da suka gano ya saɓa wa yadda muke tunani a nan.

Mu a Hausa cewa muke babba juji ne, wato shi ne mai ɗaukar damuwar kowa, shi ya kamata a tausaya wa. A Landan an yi wani dogon bincike kan ma'aikatan gwamnatin Ingila, ana kiranshi binciken Whitehall, sunan unguwar da ma'aikatunsu suke kenan, kamar dai mu ce sakatariya. An fara a 1967 da maza wajen 18,000, aka bi su shekara da shekaru ana duba wa ya kamu da mi, wa ya rasu. Kowa ya zaci manyan ne ciwon zuciya zai fi kamawa tunda su ke da ciwon kan shugabanci. Sai aka ga akasin haka, 'yan ƙasa-ƙasa irin su masinja da masu tsaron ƙofa sun fi na can sama mutuwa kusan ninki uku, kuma abin hawa-hawa ne, kowane mataki ya fi na samanshi shan kashi. Aka ce ko don sun fi shan taba ne da sauransu, aka lissafa wannan aka cire, amma mafi yawan tazarar tana nan. Sai a 1985 Michael Marmot da abokan aikinshi suka buɗe zagaye na biyu da mutum 10,308, maza da mata, a nan ne suka ga cewa ɗaya daga cikin abubuwan da ke da alaƙa da ciwon zuciyar shi ne rashin ta-cewa a kan aikinka. Wato ba kai ke tsara yaushe za ka yi ba, ba kai ke zaɓar yadda za ka yi ba, naka kawai a ce yi, bari, zo, tafi.

Ranar da na fara karanta wannan, Baba masinjan wurin aikinmu na da ne ya faɗo mani a rai. Shi ke buɗe ofis, shi ke rufewa, a aike shi da fayil, kafin ya dawo wani ya aike shi sayen kati, wani ya ce ya ɗauko mashi yara daga makaranta, kuma duk wanda ya fara ganinshi shi ne oganshi a wannan lokacin. Bai taɓa sanin ƙarfe nawa zai tashi ba don sai oga ya tafi, oga kuma yana iya zama har bayan magariba yana hira. Saura shekara biyu ya yi ritaya ɓarin jikinshi ya shanye. Ba zan rantse in ce aikin ne ya jawo ba, Allah kaɗai ya san wannan, amma na san babu wanda ya taɓa zama ya tambayi kanshi ko yadda muke tafiyar da bawan Allahn nan yana ci mashi lafiya, ni ma kuma ina cikin masu aikenshi.

Tun a 1979 wani masani mai suna Robert Karasek ya tsara wannan tunanin: yawan aiki shi kaɗai ba shi ne dafin ba, dafin shi ne aiki ya yi yawa kuma hannunka a ɗaure. A 2012 aka haɗa bayanan ma'aikata kusan 200,000 daga ƙasashen Turai, aka ga masu irin wannan matsin sun fi sauran haɗarin ciwon zuciya da kashi 23 cikin ɗari. Bai kai illar taba ba, masu binciken da kansu sun faɗi haka, kuma ya kamata a faɗa don kada a yi ƙari. Amma ita taba mutum shi ke kunna abarshi, shi kuwa wannan wani ne ke kunna mashi.

Akwai kuma na wani masani ɗan ƙasar Switzerland, Johannes Siegrist, wanda ya fito da shi a 1996, kuma wannan kam kamar a Katsina ya zauna ya rubuta. Shi ya ce jiki na lalacewa in wahalar da kake sha ta fi abin da kake samu, kuma samun ba kuɗi kaɗai ba ne, har da mutuntawa, da ƙarin girma in lokacinshi ya yi, da kwanciyar hankalin cewa gobe ba za a kore ka ba. To dan Allah a duba malamin firamare da ke tsaye gaban aji cike maƙil yara har bakin taga, muryarshi ta dishe kafin a tashi tara, ga ƙarin girma an rubuta a takarda amma bai gani a alat ba, ga shi tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023 kuɗin kurkura kaɗai na cinye wani kaso mai tsoka na albashin. An ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, madalla, amma duk wanda ke zuwa cefane ya san inda kuɗin ke tsayawa. Balle a zo ga 'yan kashuwal da 'yan sa-kai da ke cike asibitoci da makarantu masu zaman kansu, waɗanda ke aiki daidai da kowa amma ba su da ko takardar da za su nuna. Mutum irin wannan ya kwanta da lissafi ya tashi da lissafi, ta yaya jini ba zai hau ba.

Sannan mu muna da wani nauyin da Turawan da suka yi binciken nan ba su san da shi ba. Malamin makaranta ko ma'aikacin lafiyar da aka tura wani ƙauye a Batsari ko Safana ko Jibiya ko Ƙanƙara, tun kafin ya isa wurin aikin zuciyarshi ta riga ta gama aikin yini guda a hanya, yana ta addu'a yana duban daji, iyalinshi kuma suna gida riƙe da waya. Wannan ma matsin aiki ne, kuma ban ga yadda za a yi maganar lafiyar ma'aikaci a jihar nan a tsallake shi ba.

Maganar awanni ma ba wasa ba ce. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da ƙiyasin cewa a shekarar 2016 kaɗai mutum 745,000 suka mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya saboda yin aikin awa 55 ko fiye a mako. Sun ce mai irin wannan aikin ya fi mai yin awa 35 zuwa 40 haɗarin shanyewar jiki da kashi 35 cikin ɗari, da haɗarin mutuwa da ciwon zuciya da kashi 17. Awa 55 fa aka ce. Yaron shago a babbar kasuwa da ke buɗewa takwas na safe ya rufe bayan isha'i kwana bakwai a mako ya wuce wannan tun ranar Alhamis. Haka mai kurkurar da sai ya fara haɗa balas ɗin mai mashin kafin ya nemi na cefane, haka tela in sallah ta matso, yana kan keke har asuba idanu jajur. Kuma ni ban ga yadda za a raba wannan da shaye-shayen ƙwayoyin da muke kuka da shi ba, da yawa daga cikin yaran nan da sunan ƙarfin aiki suka fara, don jiki ya ce ya gaji amma balas bai cika ba.

Yanzu ga inda raina ya fi ɓaci. Bayan ciwon Yaya da 'yan watanni aka shirya musu bita ta yini ɗaya kan yadda ake magance sitires, wato matsi da damuwa. Ta nuna mani jakar da aka raba, da ɗan littafi da biro. An koya musu jan numfashi a hankali, an ce su riƙa motsa jiki, su riƙa barcin awa takwas, su ware lokacin hutu da iyali. Ta ce mani tana zaune tana rubuta barcin awa takwas a littafin aka kira ta a waya wai ta taho ɗakin haihuwa ba kowa. Ba ta ma tsaya an gama ba.

Ba na zargin waɗanda suka shirya bitar da mugun nufi, na tabbata alheri suka nufa. Amma an gwada irin wannan a wuraren da suka fi mu kuɗi nesa ba kusa ba, kuma sakamakon bai da daɗin ji. A 2024 wani mai bincike a Jami'ar Oxford, William Fleming, ya duba bayanan ma'aikata 46,336 a wuraren aiki 233 a Birtaniya, ya kwatanta waɗanda suka shiga irin waɗannan shirye-shiryen, su horon juriya da azuzuwan kwantar da hankali da manhajojin waya, da waɗanda ba su shiga ba, ya ga waɗanda suka shiga ɗin ba su fi sauran samun sauƙi ba. A Amurka ma an yi gwaji a Jami'ar Illinois da ma'aikata wajen 5,000, aka raba su ta hanyar ƙuri'a wasu aka ba su shirin kula da lafiya wasu ba a ba su ba, da aka zo dubawa ba a ga wani bambancin a zo a gani ba a kuɗin magani ko fashin aiki. Abin da suka lura shi ne masu shiga shirin dama can su ne masu ɗan ƙoshin lafiyar. Wato wanda ya fi buƙata shi ne ba ya da lokacin zuwa, kamar dai Yaya.

Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya da ta sa ƙonewar ma'aikaci, wato gajiyar nan da ke kai mutum ga ƙin aikin da jin ba ya iya komai, cikin kundinta na cututtuka a 2019, ba ta kira shi cuta ba, cewa ta yi abu ne da ke fitowa daga matsin wurin aiki da ya daɗe ba a shawo kanshi ba. Kuma a ƙa'idojin da ta fitar a 2022 ta sa gyaran tsarin aikin kanshi da horar da shugabanni a ciki, ba a bar wa ma'aikaci kayan shi kaɗai ba.

Na san akwai mai cewa, kai malam, mu musulmi ne, haƙuri da tawakkali su ne maganinmu, wannan duk surutun Turawa ne. Ni ma na yarda da haƙuri, kuma na ga yadda sallah da zikiri da zumunci ke riƙe mutanenmu a halin da da wasu ne da tuni sun zauce. Amma addinin da ya ce wa ma'aikaci ya yi haƙuri shi ne ya yi wa mai ba da aikin magana, kuma wannan ɓangaren ne ba mu cika ji ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce game da waɗanda ke ƙarƙashinmu kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in an ɗora musu to a taimaka musu. Kuma ya ce jikinka yana da haƙƙi a kanka. Sannan kowane ɗan Islamiyya ya san maganar a biya ma'aikaci kafin guminshi ya bushe. To don me za mu ɗauki rabin karatun mu riƙa karanta wa na ƙasa, mu bar rabin da ya shafi na sama? Ina roƙon malamanmu masu huɗuba su taɓo wannan, don oga da ba zai karanta binciken Oxford ba yana sahun gaba ranar Juma'a.

Wani kuma zai ce ba kuɗi, gwamnati ba za ta iya ɗaukar ma'aikatan da ake buƙata ba. Akwai gaskiya a ciki, kuma ƙarin hannu shi ne babban maganin, ba na musu. Amma abubuwa da yawa ko sisi ba sa ci. A fitar da rosta da wuri mutum ya san makonshi, a zauna da masu yin diyutin a tsara tare da su, wanda ya kwana a aiki kada a dawo da shi da rana, a bar mutum ya tafi hutunshi na shekara ba sai ya yi kamar yana roƙo ba, oga ya daina tsawa gaban mutane da barazanar kweri kan abin da bai kai ya kawo ba, ya kuma daina kiran waya sha ɗayan dare kan abin da zai iya jiran safiya. A Faransa tun 2017 doka ta ba ma'aikaci damar kashe wayar aiki bayan tashi. Maƙwabtanmu Kaduna sun koma aikin kwana huɗu a Disambar 2021, a Birtaniya ma kamfanoni 61 sun gwada hakan a 2022 kuma 56 suka ci gaba da shi bayan gwajin. Ban ce mu kwafo ido rufe ba, don kwana huɗu ba zai yi wa nas ko mai gadi komai ba in ba a ƙara mutane ba, amma dai ya nuna tsarin aiki ba wahayi ba ne, mutane suka tsara kuma ana iya sake shi.

Kuma mutane da yawa ba su san muna da doka ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke kula da ita, a sashe na 8 ta ambaci damuwar ƙwaƙwalwa ƙarara, cewa ma'aikaci na iya neman diyya in likita ya tabbatar aikin ne ya jawo, har da inda mai aikin ya sauya tsari ya ɗora mashi abin da ya wuce ƙarfinshi. Na tambayi Yaya ko ta taɓa jin wannan ta ce ko a mafarki. Ina ƙungiyoyin ƙwadagonmu? Maganar albashi dole ce, amma su riƙa haɗawa da wannan in sun zauna da gwamnati.

Sai 'yan'uwana na jami'a. Ni ma da zan gama karatu firojet ɗina kan matsin aiki ne tsakanin malaman sakandare, na raba takardun tambayoyi, na tattara, na yi tebur-tebur, na rubuta shawarwari a babi na biyar, aka ba ni maki aka ɗaure littafin da baƙar fata aka jera a kanta. Ko malaman da suka cike mani takardun ban koma na faɗa musu abin da na samu ba, kuma har yau abin na cina. Irin wannan binciken na cewa akwai sitires an yi shi ya isa, kowa ya sani. Abin da muke buƙata yanzu gwaji ne. Muna da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, da ta Dutsin-ma, da Al-Qalam, ga asibitin koyarwa na tarayya a cikin gari, ga makarantun da ke Daura, ba a rasa masu ilimin ba. A ɗauki asibitoci ko makarantu guda goma, a gyara rosta da hutu a biyar a bar biyar yadda suke, a auna jinin ma'aikata da barcinsu da fashin aikinsu yau, a dawo bayan shekara a sake aunawa, sannan a rubuta sakamakon da Hausa a karanta a rediyo, a kai wa shugaban ma'aikata da 'yan majalisa a hannu. A kuma fita daga ofis a je tashar mota da kasuwa da shagon teloli, don mafi yawan masu aiki a jihar nan ba su da fayil a ko'ina.

Yaya dai tana nan tana shan maganinta kullum da safe. Sun samu sabuwar shugabar sashe wadda ta fara kiransu su zauna tare a ƙarshen wata su tsara rostar da kansu, kuma ta hana a dawo da wadda ta yi dare kafin ta kwana a gida. Ba a ƙara musu ko mutum ɗaya ba har yanzu, aikin na nan da yawanshi. Amma makon jiya da na je na tarar ta cire takalmin, tana ɗaki tana barci, yaran kuma an kora su gidan Hajiya don kada su tashe ta.